Ciwon Dunduniya a Birnin Sakkwato: Sunansa, Sanadinsa da Maganinsa



Gabatarwa

Mai yiwuwa ne wani ya ga dunduniya ta yi ƙanƙanta da a tara jama'a a zauren jami'a dominta. To, amma ware ciwo guda a yi masa bayani filla-filla ba baƙon abu ba ne a wannan birni. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya wallafa littattafai a kan magani, har da wanda ya keɓe wa ciwon basur shi kaɗai. Haka kuma, sa'ad da Baturen nan matafiyi Hugh Clapperton ya iso Sakkwato a 1824, cikin abubuwan da Sarkin Musulmi ya nema daga Sarkin Ingila har da a aiko masa da likita. Ke nan neman sanin ciwo, da karɓar ilminsa daga duk inda ya fito, gado ne a nan.

Abin da wannan lacca ke son tabbatarwa abu ɗaya ne. Ciwon dunduniya da ya fi yawa a tsakanin manya ba shi da suna nasa na kansa a Hausa, kuma rashin sunan nan shi ke sa a yi masa fassarar da ba tasa ba, a kuma yi masa maganin da ba nasa ba. Yana da zafi ƙwarai, amma yawanci yana warkewa. A ɗaya gefen kuwa akwai faso, wanda kowa ya san sunansa har aka raina shi, alhali a ƙafar mai ciwon sukari yana iya kaiwa ga yanke ƙafa.

Sunayen da Hausa ta tanada

Bahaushe bai yi rowar kalmomi ga ƙafa ba. Yana da dunduniya da diddige, yana da tafin ƙafa da idon sawu da sharaɓa, yana kuma da agara, watau babbar jijiyar nan da ta sauko daga sharaɓa ta kama bayan dunduniya. Daga diddige aka sami bin diddigi, kuma idan mutum ya kai ga riƙe kansa sai a ce ya tsaya da dugadugansa. Wajen ciwo ma haka abin yake: akwai kaushi da faso, akwai targaɗe da sartse, akwai jiga da kurkunu.

Wanda ya dubi jerin nan da idon basira zai ga cewa kusan dukkansu abubuwa ne da ido ke gani, ko kuwa mutum ya san lokacin da suka same shi. Kurkunu ya ishe misali. Tsutsa ce da kan ɓullo a ƙafa kowa na kallo, ga suna, ga kuma sanadi da aka gane, watau ruwan tafki. Ƙidayar da aka yi a 1988 ta sami fiye da mutum 650,000 masu fama da shi a Nijeriya. Da yake an san abin da ake yaƙa, sai aka tace ruwa, aka haƙa rijiyoyi, har aka ga na ƙarshe a 2008, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta shaida a 2013 cewa ƙasar ta rabu da shi.

Amma ciwon da ba kumburi, ba rauni, ba jini, Hausa takan jefa shi cikin ɗaya daga manyan buhuna biyu. Ko dai a ce sanyi ne ya shiga ƙashi, ko kuwa a ce mutum ya taka sammu. Bugu da ƙari, kalmar jijiya ita kaɗai tana ɗauke da abubuwa uku waɗanda likita ya bambanta su sarai: hanyar jini, da zaren da ke kai saƙon ji zuwa ƙwaƙwalwa, da igiyar da ke ɗaure tsoka da ƙashi. Saboda haka idan majiyyaci ya ce jijiya ce ke damunsa, ya faɗi gaskiya, amma likita bai san wadda yake nufi ba.

Yadda aka gina dunduniya

A ƙafar ɗan Adam, daga idon sawu zuwa yatsu, akwai ƙasusuwa 26, kuma ƙashin dunduniya ya fi dukkansu girma. Shi ke fara taɓa ƙasa a kowane taku. In ana tafiya yakan ɗauki nauyin jiki duka har da ɗoriya, in kuwa gudu ake yi, abin da ke sauka a ƙafa yakan kai ninki biyu ko uku na nauyin mutum. A ƙarƙashin ƙashin akwai matashin kitse mai rage ƙarfin dukan ƙasa, wanda kan yi ta sirancewa yayin da shekaru ke ja.

Tafin ƙafa kuma a lanƙwashe yake kamar bakan maharbi. Abin da ke riƙe da lanƙwasar wani faffaɗan tantani ne mai ƙarfi, wanda ya taso daga ƙasan ƙashin dunduniya ya bazu zuwa gindin yatsu biyar. Tun da baka ba ta tsayuwa sai da tsarkiya, wannan lacca za ta kira shi tsarkiyar tafin ƙafa. Duk lokacin da mutum ya taka, bakan yakan so ya baje, tsarkiya ta hana, kuma wurin da jan ya fi tsanani shi ne daidai inda ta kama ƙashin dunduniya.

Ciwon tsarkiyar tafin ƙafa

Idan aikin da aka ɗora wa tsarkiyar ya fi ƙarfin gyaran da jiki ke yi mata, sai zarurrukanta su riƙa tsintsinkewa kaɗan-kaɗan a wurin mahaɗar. Wannan shi ne ciwon da likitoci ke kira filanta fashiyaitis. An ƙiyasta cewa mutum ɗaya cikin goma zai gamu da shi a rayuwarsa, kuma ya fi kama 'yan shekara 40 zuwa 60. Dā an ɗauka kumburi ne na cikin nama, amma a 2003 Harvey Lemont da abokan aikinsa a Amurka suka duba naman da aka ciro daga ƙafafun da aka yi wa aiki har 50, suka tarar lalacewa ce irin ta igiyar guga da ta sha ja.

Alamarsa ba ta ɓuya ga wanda ya san ta. Mutum zai sauko daga gado da asuba, taku na farko ya ji kamar ya taka ƙusa a ƙasan dunduniya, wajen gefen ciki. In ya ɗan zazzaga sai zafin ya lafa, har ya ɗauka ya wuce. In ya daɗe zaune a ofis ko a mota ya miƙe, sai ya dawo, da yamma kuma bayan doguwar tsayuwa ya yi ta zugi. Dalili shi ne, cikin barci ƙafa takan saki, tsarkiya ta takure, takun farko kuma ya fizge ta ba shiri. Sanyin asuba da ake ɗora wa laifi ya dai zo daidai da lokacin ne.

Game da waɗanda ya fi kamawa, binciken Daniel Riddle da abokan aikinsa, shi ma na 2003 a Amurka, ya fitar da abubuwa uku: ƙiba, da aikin da ke sa mutum wuni a tsaye, da taurin sharaɓa da agara wanda ke hana ƙafa lanƙwasowa sama yadda ya kamata. Na ukun nan ne ya fi ƙarfi a cikinsu. Ana iya ƙara shafaffen tafin ƙafa ko mai zurfi ainun, da takalmin da ya cinye, da kuma ƙara wa ƙafa aiki farat ɗaya.

Akwai wani ruɗani da ya kamata a kawar. Sau da yawa in aka ɗauki hoton ƙashi akan ga wani ɗan tsiro kamar ƙaya a ƙasan ƙashin dunduniya, majiyyaci ya firgita, ya ce lalle ita ke sukarsa, sai an cire ta. Gaskiyar magana, mutane da yawa suna da wannan ƙaya ba su taɓa jin ciwo ba, wasu kuma suna da ciwon ba su da ƙayar, kuma masu ita kan warke tana nan daram inda take.

Yadda abin yake a Sakkwato

Ƙasar da ake takawa a birnin nan ta sauya cikin zamani guda. Kakannin masu sauraro sun yi yawancin tafiyarsu a kan rairayi da daɓen ƙasa. Tun daga lokacin da masana'antar siminti ta Kalambaina ta fara aiki a 1967, da gine-ginen da suka biyo bayan zaman Sakkwato hedkwatar jiha da kafa jami'a a 1975, sai daɓen siminti da kwalta, daga baya kuma tayil, suka mamaye gida da ofis da aji da masallaci. Ci gaba ne babu shakka, sai dai siminti ba ya lotsawa, ƙafa ce ke shanye dukan. Takalmin da aka fi sawa kuwa, saboda zafin gari, shi ne silifa da fade, masu shafaffen ƙasa, waɗanda ba su tallafar bakan ƙafa.

Cikin ma'aikata, malamin makaranta da ke wuni gaban allo, da ma'aikaciyar jinya da ke zagaya ɗakin majiyyata, da ɗan sanda mai ba da hannu a mararraba, su ne a sahun gaba. Amma wanda ke zaune a sakatariya bai tsira ba, domin zama yana kawo ƙiba, yana kuma taurara sharaɓa. Irin wannan ne likita kan ce masa ya motsa jiki, sai ya ɗauki abin da zafi, ya fara da kilomita biyar ran farko, bayan mako biyu ya koma ɗingishi. Zafin nema dai ba ya kawo samu. Haka ɗalibin da ya gama jami'a ya shiga sansanin masu yi wa ƙasa hidima a Wamakko, ya sha fareti na mako uku cikin sabon takalmi. Haka kuma maniyyacin da bai saba tafiya ba, ya isa Makka ya yi ɗawafi, ya yi sa'ayi tsakanin Safa da Marwa, wanda shi kaɗai ya kai kimanin kilomita uku a kan daɓen marmara, ga kuma zirga-zirgar Mina. Duk sanadin ɗaya ne: an ɗora wa ƙafa kaya ba a ba ta lokacin sabawa ba.

Sauran ciwace-ciwacen dunduniya

Ba kowane zafi a dunduniya ne na tsarkiya ba, saboda haka wurin da zafin yake shi ne abin dubawa na farko. In a baya yake, inda bakin takalmi ke gogawa, to agara ce. A nan akwai gargaɗi mai muhimmanci. Maganin nan siprofuloksasin, wanda aka fi sani da sipro, da danginsa, waɗanda mutane ke saye a kemis da sunan taifot, suna iya raunana agara har ta tsinke, musamman ga wanda ya haura shekara 60. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta wajabta rubuta wannan gargaɗi a takardar bayaninsu tun 2008. Wanda ya ji kamar an harbe shi a bayan ƙafa, ya kuma kasa yin ɗage, asibiti zai nufa a ranar.

Yaro ɗan shekara 8 zuwa 14 mai buga ƙwallo a busasshen fili, in ya yi kukan dunduniya, galibi wurin girman ƙashin ne agara ke ja. Likita James Sever na Boston ya bayyana wannan a 1912, kuma yakan wuce da hutu da kammaluwar girman ƙashin. Akwai kuma tsagewar ƙashi ta yawan duka, wadda kan sami sababbin kuratan soja da masu gudu, inda zafin ke ƙaruwa da kowane taku maimakon ya lafa. In dunduniya biyu ne suka kama tare, ga ciwon gaɓoɓi ko sanƙarar baya da safe, to ciwon na jiki duka ne, yana bukatar binciken likita.

Faso da mai ciwon sukari

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu takan busar da fatar dunduniya, ta yi kaushi, nauyin jiki ya danna ta, ta dare. Yawan jiƙa ƙafa a bar ta ta bushe a iska ba tare da mai ba yana ƙara abin. Ga mai lafiya magani a fili yake: a jiƙa ƙafa cikin ruwa mai ɗumi, a goge kaushin a hankali da dutse, a tsane, a shafa man kaɗanya ko basilin, a sa safa a kwanta. Reza kam ba ta da wuri a wannan aiki.

Ga mai ciwon sukari kuwa, lissafin dabam ne. Sukarin da ya daɗe a sama yana kashe jijiyoyin ji, yana kuma toshe ƙananan hanyoyin jini. Sai ƙafa ta mutu murus, faso ya zurfafa, ƙwayar cuta ta shiga, mai shi bai ji komai ba. A watannin Maris zuwa Mayu, sa'ad da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, irin wannan mutum yana iya taka rairayin rana tsaka, ko ya zura ƙafa cikin takalmin da ya sha rana a ƙofar masallaci, ya ƙone bai sani ba. An ƙiyasta cewa tsakanin mutum 19 zuwa 34 cikin kowane ɗari na masu ciwon sukari za su sami gyambon ƙafa a rayuwarsu, kuma yawancin ƙafafun da ake yankewa saboda wannan ciwo da ɗan gyambo suka fara. Don haka wajibi ne mai sukari ya duba tafin ƙafarsa kullum, ko da madubi, ko ya sa wani ya duba masa, kada ya yi tafiya ba takalmi ko a tsakar gida, kada ya gasa ƙafa da ruwan zafi ko garwashi. Duk raunin da ya gani, komai ƙanƙantarsa, na asibiti ne.

Magani

Albishir ga mai ciwon tsarkiya shi ne, kusan tara cikin goma suna warkewa ba tare da an yi musu aiki ba. Sai dai warkewar ta watanni ce, wani lokaci har shekara, kuma a cikin wannan jira ne mutane ke faɗawa hannun da bai dace ba.

Mataki na farko shi ne rage wa ƙafa kaya ba tare da kwanciya ba: a dakatar da gudu da tsalle, a rage doguwar tsayuwa, a daina taka siminti ba takalmi, ko da daga gado zuwa banɗaki ne. Na biyu, miƙar da tsarkiya. Mutum ya zauna, ya ɗora ƙafar mai ciwo a kan gwiwar ɗaya, ya kama yatsun ya janyo su sama wajen ƙwauri har ya ji tafin ƙafa ya ɗaure, ya ƙirga goma, ya saki. Ya yi haka sau goma, sau uku a yini, na farko tun kafin ya sa ƙafa ƙasa da asuba. Na uku, miƙar da sharaɓa: ya dafa bango, ya mayar da ƙafar mai ciwo baya, gwiwa a miƙe, dunduniya a ƙasa, ya karkata gaba na rabin minti. Na huɗu, takalmi mai taushin ciki, mai ɗan tudu a dunduniya, wanda ba ya naɗewa a tsakiya in an lanƙwasa shi da hannu. Ana iya ƙara matashin roba a ciki. Mirgina kwalbar ruwan sanyi a tafin ƙafa na minti goma yana rage zugi, in dai ƙafar tana ji sosai.

Ƙwayoyin rage zafi irin su ibufurofen da dikulofenak suna da amfani na 'yan kwanaki, amma ba su ɗinke tsarkiya, kuma shan su wata da watanni yana jawo gyambon ciki, yana taɓa ƙoda. Allurar da ake yi a dunduniya tana kawo sauƙi na makonni, sai dai maimaita ta yana iya tsinka tsarkiyar ko ya narkar da matashin kitse, wanda ba ya dawowa. Aikin likita ne, ba na mai kemis ba. Tiyata kuwa sai an shafe wata shida zuwa shekara ana sauran hanyoyin ba a dace ba.

Wanzamai da maɗora suna da gurbinsu a tarihin lafiyar Bahaushe, kuma tausa tana sa a ji daɗi. Amma sakiya an yi ta ne domin fitar da mugunya, ƙaho da tsaga domin fitar da jini, alhali a wannan ciwo babu abin da ya taru da za a fitar. Abin da za a samu shi ne sabon rauni a wurin da ke taka ƙasa, da hatsarin sarƙe-haƙora, da ciwon hanta in askar ba ta da tsabta. Wanda ciwonsa ya wuce mako biyu zuwa uku yana bin matakan nan bai ga sauƙi ba, ko ya ga kumburi da ja da zazzaɓi, ko ya kasa taka ƙafar sam, ko ya ji ta mutu, to ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ga Asibitin Ƙwararru, ga kuma Asibitin Ƙashi na Wamakko.

Rigakafi

Rigakafin yana cikin sanadin. Duk mai shirin sabon aiki ga ƙafa, ko motsa jiki ne, ko sansani, ko aikin hajji, ya fara da kaɗan tun da sauran makonni, yana ƙarawa sannu a hankali, cikin takalmin da zai yi tafiyar da shi. Mai ƙiba ya rage, domin kowane kilo da ya sauka ƙafa ce ta huta da shi a dubban taku. Takalmin da dunduniyarsa ta cinye gefe guda a kai wa baduku ko a sauya shi. Macen da ta saba da takalmi mai tsini kada ta koma silifa dare ɗaya, domin agararta ta riga ta takure. Shugabannin ma'aikatu ma suna da nasu rabo: kujera a aji ko a bakin kanta, da izinin zama na 'yan mintuna, sun fi arha a kan takardar hutun rashin lafiya.

Kammalawa

An ga cewa ciwon da ya fi addabar dunduniyar manya gajiya ce ta wani tantani, sanadinsa nauyi da tsayuwa da taurin sharaɓa da takalmi, maganinsa kuma miƙarwa da sauyin takalmi da haƙurin watanni. An kuma ga cewa ƙafar da ba ta jin zafi ita ce abar tsoro ga mai ciwon sukari. Aikin da ya rage na haɗin gwiwa ne tsakanin masana Hausa da likitocin wannan jami'a: su zauna su rarrabe ma'anonin jijiya, su tsayar da suna ga wannan ciwo, ko tsarkiyar tafin ƙafa da aka kawo a nan ko wanda ya fi shi dacewa, sa'an nan a ji shi a Gidan Rediyon Rima da bakin ma'aikatan asibiti har ya zauna. Majiyyacin da ya san sunan abin da ke damunsa da yadda yake warkewa ya fi iya jure watannin jinya, ba ya kuwa saurin miƙa ƙafarsa ga aska.

Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya ƙara wa masu ita.